Me ya kai tutar Ayilan filin ƙwallon Glasgow?

Duk mai bin wasannin Kofin Zakarun Turai a gidan kallo ya san hoton nan, da zarar kyamara ta juya kan 'yan kallon Celtic sai ka ga kore da fari ta ko'ina, ga tutar Ayilan mai kore da fari da ruwan lemo tana kaɗawa. Kulob ɗin nan fa a Sikotlan yake, a birnin Glasgow, cikin Birtaniya, amma da ƙyar ka ga tutar Birtaniya a hannun ɗan Celtic. In ita kake nema sai ka tsallaka kogin Clyde ka je Ibrox gidan Rangers, tafiyar 'yan mintuna ce a mota, can ne shuɗi da ja da fari suke mulki, har hoton Sarauniya Elizabeth ya yi shekaru a rataye a ɗakin da 'yan wasansu suke canza kaya.

In ka tambaya, amsar da za a ba ka da sauri ita ce ai faɗan addini ne, Celtic ta 'yan Katolika, Rangers ta 'yan Furotesta. Ba ƙarya ba ce, amma rabin magana ce. Ƙidayar 2022 ta nuna kashi 51 cikin 100 na mutanen Sikotlan sun ce ba su da addini ma gaba ɗaya, 'yan Cocin Sikotlan kashi 20 ne, Katolika kashi 13. Yawancin masu ihun nan a fili ba su san ranar da suka shiga coci na ƙarshe ba, kuma babu mai gardamar aƙida a bayan raga. Ni abin da nake gani, asalin rigimar ita ce wane ne ɗan gari wane ne baƙo, addini tambari ne kawai da aka manna don a gane wa ke nan wa ke can.

Daga yunwa abin ya faro. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta kama dankalin turawa, arish ɗin nan dai da muke soyawa, wanda shi ne abincin talakan Ayilan safe da dare. Mutum kusan miliyan 1 suka mutu, sama da miliyan 1 suka bar ƙasar, kuma duk wannan yana faruwa ne tsibirin yana ƙarƙashin mulkin Landan, ana loda hatsi da dabbobi a jirgi ana fitarwa mutane suna faɗuwa a bakin hanya, shi ya sa har yau ɗan Ayilan ba ya kallon abin a matsayin annoba kawai, yana kallonsa a matsayin sakaci da wulaƙanci daga masu mulki. Mai ɗan hali ya tafi Amurka. Wanda ba shi da kuɗin jirgin Amurka ya hau na Liverpool ko na Glasgow, don shi ne mai araha. A gabashin Glasgow suka taru, unguwannin Calton da makwabtansu, iyali guda a ɗaki guda, aikin da ɗan gari ya raina shi suke yi, dako a tashar jirgin ruwa, haƙar kwal, haƙar hanya, kuma ana zarginsu da karya farashin leburanci.

A cikin wannan halin ne wani malamin makaranta ɗan ɗariƙar Marist ta Katolika, sunansa Andrew Kerins amma an fi saninsa da Brother Walfrid, ɗan asalin Sligo a Ayilan, ya tara mutane a zauren cocin St Mary's ran 6 ga Nuwamba 1887 suka kafa Celtic. Manufar a fili take, a buga ƙwallo a karɓi kuɗin ƙofa a ciyar da yaran talakawa. Ba shi ya fara dabarar ba, 'yan Ayilan na Edinburgh sun riga shi da Hibernian tun 1875, kuma cin Kofin Sikotlan da Hibernian ta yi a 1887 ne ya nuna wa na Glasgow cewa abin zai yiwu. Celtic ma da ta tashi sai ta kwashe manyan 'yan wasan Hibernian ɗin, abin da 'yan Edinburgh ba su manta ba. Da aka buɗe filin Celtic Park na yanzu a 1892, wani ɗan gwagwarmayar ƙasar Ayilan, Michael Davitt, shi ya dasa ciyawar farko, kuma daga Donegal aka kawo ta. Ka ga tun daga tushe kulob ɗin bai ɓoye inda ya fito ba.

Rangers kuwa ta girmi Celtic, 1872 aka kafa ta, samari huɗu ne 'yan ƙasa da shekara 20 masu son ƙwallo, babu maganar coci babu maganar siyasa. Wasan Celtic na farko a duniya ma da Rangers ta buga shi ran 28 ga Mayu 1888, wasan sada zumunta, ta ci 5-2, aka tashi lafiya. To me ya ɓata?

Abu na farko, baƙon ya yi nasara da wuri. Cikin 'yan shekaru Celtic ta fara ɗaukar kofuna, sai 'yan gari suka shiga neman kulob ɗin da zai taka wa "'yan Ayilan" birki, Rangers ce ta fi kowa ƙarfin yin hakan, sai jama'a suka tattaru a bayanta. Na biyu, a 1912 kamfanin ƙera jiragen ruwa na Belfast, Harland and Wolff, ya buɗe reshe a Govan, dab da Ibrox, ma'aikata 'yan Furotesta daga arewacin Ayilan suka biyo shi da gabarsu ta gida cikin jaka. Wannan wajen yana da ɗan ruɗani kuma mutane suna tsallake shi: a ɓangaren Rangers ma akwai jinin Ayilan sosai. Su 'yan Furotestan arewacin Ayilan jikokin mutanen da aka kwaso daga Sikotlan da Ingila ne aka ba su filaye a can tun daga 1609, su ne masu bikin 12 ga Yuli na tuna nasarar Sarki William a yaƙin Boyne na 1690, masu fareti da ganguna da sarewa. Wato rigimar tsibirin Ayilan ce sukutum ta hau jirgi ta sauka a Glasgow, kowane ɓangare ya samu filin ƙwallonsa. Sai ga tawayen Dublin na 1916 na neman 'yanci daga Birtaniya, sai raba tsibirin gida biyu a 1921 inda arewa ta ci gaba da zama cikin Birtaniya, sai rashin aikin yi bayan yaƙin duniya na farko. A 1923 Cocin Sikotlan da kanta ta fitar da rahoto tana cewa jinsin 'yan Ayilan barazana ne ga ƙasar, sai a 2002 ta fito ta nemi afuwa.

A wannan zamanin ne Rangers ta ɗauki wata ƙa'ida da ba a rubuta ba amma kowa ya sani, ba ta sayen ɗan wasa in ta san ɗan Katolika ne. Kuma ba a ƙwallo kaɗai ba, a masana'antu da ofisoshi ma haka ake, ka je neman aiki a tambaye ka wace makaranta ka yi, don tun dokar ilimi ta 1918 makarantun Katolika daban suke duk da gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu, da ka ambaci makaranta mai sunan waliyyi an gane ka, sai a ce za a neme ka. Mutumin da aka yi wa haka ranar Litinin, ranar Asabar in ya shiga Celtic Park ya ga 'yan uwansa dubbai suna cin 'yan gari a fili, wannan ba kallon ƙwallo kawai yake yi ba, nan ne kaɗai inda yake ɗaga kai.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa duk kanwar ja ce. A wajen ɗaukar 'yan wasa ba ɗaya suke ba. Celtic ba ta taɓa rufe ƙofa ba, babban kociyanta a tarihi Jock Stein ɗan Furotesta ne, tsohon mahaƙin kwal, Kenny Dalglish da Danny McGrain ma haka. Ran 25 ga Mayu 1967 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Lisbon, Inter Milan ta fara cin fenariti ta hannun Mazzola ta koma baya ta kulle kamar yadda ta saba, Celtic ta yi ta luguden hari har Tommy Gemmell ya farke, Stevie Chalmers ya ƙara, 2-1, kulob na farko daga Birtaniya da ya ɗaga wannan kofin, kuma duk 'yan wasan 11 an haife su ne cikin mil 30 daga filin kulob ɗin, Katolika da Furotesta a haɗe. Shekara 15 kafin nan, a 1952, hukumar ƙwallon Sikotlan ta nemi Celtic ta sauke tutar Ayilan daga saman filinta har da barazanar hukunci, shugaban kulob ɗin Robert Kelly ya ce ba za ta sauka ba, kuma ba ta sauka ba.

Sai ran 10 ga Yuli 1989 aka karya ƙa'idar Rangers a bainar jama'a, kuma yadda aka karya ta ma abin kallo ne. Mo Johnston tsohon ɗan wasan Celtic ne, ɗan Katolika, yana Nantes a Faransa, 'yan makonni kafin nan an nuna shi ga 'yan jarida sanye da rigar Celtic cewa ya dawo gida, cinikin bai kammala ba, kawai sai ga shi zaune kusa da kociyan Rangers Graeme Souness a Ibrox. Wasu 'yan Rangers suka taru a ƙofar fili suna ƙona gyalensu da tikitinsu na kaka, 'yan Celtic kuma suka sa masa sunan maci amana, mutum ɗaya ya ɓata wa gari biyu rai a yini ɗaya. Souness dai lissafinsa a fili yake, yana son kulob da zai yi gogayya a Turai, ba zai yiwu ka ce ba ka sayen ɗan Italiya ko ɗan Sifaniya ko ɗan Brazil ba. A Nuwamba na shekarar Johnston ya ci Celtic ƙwallo a ƙarshen wasa, da yawa daga masu fushin suka huce. Kafin shekara 10 Lorenzo Amoruso ɗan Italiya, ɗan Katolika, shi ne kyaftin ɗin Rangers.

An gyara cikin fili, amma kujerun 'yan kallo ba su gyaru da sauri haka ba, don daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 Ayilan ta Arewa tana cikin rikicin da ya ci rai kusan 3,500, kuma duk ƙarshen mako jiragen ruwa daga Belfast da Larne suna tsallako da magoya bayan kulob biyun, abin da ke ƙuna a can shi ake rerawa a nan. A ɓangaren Rangers akwai tsohuwar waƙar da ke alfahari da tafiya cikin jinin 'yan Katolika, wadda UEFA ta sa aka haramta a 2006, kuma a 2019 ma sai da aka rufe musu kujeru 3,000 saboda irin waɗannan waƙoƙi. Wajen 2008 aka fito da wata sabuwa da ke ce wa jikokin 'yan Ayilan yunwa ta ƙare me ya hana su komawa gida, kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan wariyar jinsi ce a 2009. Duk Bahaushen da aka haifi kakansa a zangon Kumasi ko a Jos amma har yau in rigima ta tashi ake ce masa ya koma inda ya fito, ba sai an yi masa dogon bayanin zafin wannan waƙar ba. Mutanen nan sun yi shekara 150 a Glasgow, su suka haƙa hanyoyin da ake takawa, ina za su koma?

Amma fa ban wanke 'yan Celtic ba. Akwai waƙoƙinsu masu kyau, irin wadda ke ba da labarin mutumin da ya saci hatsi lokacin yunwa don ya ciyar da 'ya'yansa aka kore shi Ostareliya, mutum 60,000 su ɗauke ta a tare sai tsigar jikinka ta tashi, wannan tarihinsu ne kuma babu mai ikon hana su. Sai dai akwai kuma waƙoƙin yabon IRA, ƙungiyar 'yan bindiga masu neman raba Ayilan ta Arewa da Birtaniya, wadda bama-bamanta suka kashe fararen hula a mashaya da kasuwa da wajen taro, kuma UEFA ta ci tarar kulob ɗin a 2011 a kan haka. Su suna cewa waƙar siyasa ce ta neman 'yanci, ba zagin addinin kowa ba ce. Na ji hujjar, amma wanda aka kashe masa uba a harin IRA yana zaune a ɗaya ɓangaren yana saurare, shi ba zai ji bambancin ba. Akwai kuma 'yan tsiraru marasa imani da ke yi wa Rangers gori da bala'in Ibrox na 2 ga Janairu 1971, ranar da mutum 66 suka mutu a turmutsitsin matakala bayan wasan kulob biyun, yawancinsu matasa. A ranar Jock Stein da ma'aikatan Celtic suna cikin masu taimakon waɗanda suka jikkata, wallahi duk mai yin waƙa da wannan bai san kulob ɗin da yake iƙirarin so ba.

Kuma abin ba ya tsayawa a baki. Bayan wasan ƙarshe na Kofin Sikotlan a 1980 magoya baya suka cika filin Hampden suna dambe 'yan sanda a kan dawaki suna kora, daga nan aka hana giya a filayen ƙwallon ƙasar. A 1995 an kashe wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton yana komawa gida daga kallon wasa, laifinsa kayan Celtic da ke jikinsa, mutuwarsa ce ta haifar da ƙungiyar Nil by Mouth mai yaƙi da wannan ƙiyayya a 2000. Neil Lennon, ɗan Katolika daga Lurgan, ya daina buga wa Ayilan ta Arewa a 2002 saboda barazanar kisa, a 2011 yana kociyan Celtic aka aika masa ƙunshin bam ta gidan waya, a shekarar kuma wani ɗan kallo ya faɗa masa a bakin layi a filin Hearts a Edinburgh, wanda ke nuna matsalar ba ta Ibrox kaɗai ba ce. Majalisar Sikotlan ta yi dokar hukunta munanan waƙoƙi a filin wasa da ta fara aiki a 2012, magoya baya na kowane ɓangare suka ce an mai da su masu laifi saboda kawai suna kallon ƙwallo, aka soke ta a 2018.

Maganar Falasɗinu ma daga wannan jijiyar take. Ƙungiyar Green Brigade, samarin Celtic da ke tsaye a kusurwar fili da ganga tun 2006, suna ganin mutanen da aka ƙwace wa ƙasa aka mai da su 'yan gudun hijira sai su tuna kakanninsu. A Agusta 2016 da Hapoel Be'er Sheva ta Isra'ila ta zo, suka ɗaga tutocin Falasɗinu, UEFA ta ci kulob ɗin tarar yuro 10,000, su kuma suka buɗe asusu suka tara sama da fam 170,000 suka ba ƙungiyar agajin lafiya ta Falasɗinawa da wata cibiyar matasa a sansanin Aida na Baitalami. A Oktoba 2023 suka sake yi a wasan Atletico Madrid duk da shugabannin kulob sun roƙe su kada su yi, bayan nan aka dakatar da su na wani lokaci, kulob ɗin ya ce saboda rashin bin dokokin tsaro ne. Wannan wata rigimar ce ta cikin gida, Celtic yanzu kamfani ne mai hannun jari, babban mai hannun jarin Dermot Desmond attajiri ne ɗan Ayilan, suna son sayar da riga mai tambarin kulob ɗin na ganye huɗu a Boston da Sydney da sunan gado, amma ba sa son ɓangaren gadon da ke jawo tara. Samarin kuma suna cewa kulob ɗin da aka kafa don ciyar da mayunwata ba zai yi shiru a kan Gaza ba. A nan ina tare da samarin.

Kuɗi dai shi ne igiyar da ta ɗaure kulob biyun ko suna so ko ba sa so. Daga 1986 zuwa 2025, shekara 40 cur, babu wanda ya ci lig ɗin Sikotlan in ba su ba, na ƙarshe shi ne Aberdeen ta Alex Ferguson a 1985, kuma a 2025 kowannensu yana da kofin lig 55. Gabar ce ke sayar da haƙƙin talabijin. Da Rangers ta durƙushe a 2012 saboda bashin haraji, aka rushe kamfanin, aka sayar da kadarorin, aka tura ta rukuni na huɗu, 'yan Celtic sun yi murna har yau suna cewa tsohon kulob ɗin ya mutu wannan sabo ne, shi ya sa da yawansu ba sa yarda a ce Old Firm, tsohon laƙabin da ake yi wa kulob biyun a haɗe, su a wajensu dabin Glasgow ne kawai. 'Yan Rangers kuma, a ba su haƙƙinsu, sama da 49,000 suka shiga Ibrox kallon wasansu na farko na lig a gida a wannan ƙaramin rukuni, suka bi kulob ɗin ƙauye-ƙauye har ya dawo a 2016, ya ci lig a 2021 a hannun Steven Gerrard ya hana Celtic yin 10 a jere.

'Yan wasan yanzu kam yawancinsu ba ruwansu da Boyne ko yunwar dankali. Efe Ambrose ɗan Kaduna yana tsaron bayan Celtic a daren 7 ga Nuwamba 2012 da suka doke Barcelona ta Messi 2-1, kwana ɗaya bayan bikin cikar kulob ɗin shekara 125, daga baya ma ya koma Hibernian. Joe Aribo ne ya ci wa Rangers ƙwallonta a wasan ƙarshe na Europa a 2022, Calvin Bassey yana bayansa yana tare gida. Amma ɗan Glasgow da ya zaɓi buga wa ƙasar kakanninsa har yanzu yana shan wuya, Aiden McGeady an haife shi a Sikotlan ya zaɓi Ayilan, da suka zo wasa da Sikotlan a 2014, a Celtic Park ɗin da ya tashi a cikinsa, ihu aka yi ta yi masa duk sanda ya taɓa ƙwallo.

Abin da ya fi ba ni takaici a 'yan shekarun nan shi ne rigimar tikiti. Da can baƙi suna samun kujeru kusan 7,000, bayan raga guda sukutum, waƙa na amsa waƙa, wannan ne ya sa duniya take kallon wasan. A 2018 Rangers ta rage wa 'yan Celtic zuwa ƙasa da 1,000, Celtic ta rama, aka yi ta ja-in-ja a kan tsaro har aka kai ana buga wasan babu baƙo ko ɗaya a fili. Sai a Maris 2025 aka dawo da su, shi ma kusan kashi 5 cikin 100 na kujerun kawai, an kewaye su da raga, 'yan sanda na rako su tun awanni kafin a take leda.